Kofin Shayi a Kan Inji

Wata tara ina zubin adashi.
Ran da na kwasa, na zura rigar sanyi na gangara Dilimi,
inda ƙarfe ke gaida ƙarfe
tun rana ba ta leƙo daga bayan duwatsu ba.

Kakana da gizago ya yi suna,
kwana biyu da gungumen kirya sai ga akushi.
Ni kuwa shekara ashirin da shida ina murza sitiyari,
Jos zuwa Yola, Yola zuwa Jos,
har bayana ya ce ya isa.
Na ce to, bari itace ya yi juyin, ni in tsaya.

A shagon Nduka na ci karo da sabo,
shuɗi, ɗan mitsitsi, ko ledarsa ba a ɓare ba.
Na ɗaga shi ba tare da nishi ba, sai gwiwata ta yi sanyi:
abin da bai gagari tsohon direba ba
yaya zai riƙe maɗaci ran da maɗaci ya fusata?

Can ƙurya akwai wani, baƙi ƙirin,
wai tun zamanin Turawan kuza,
tsawonsa ya fi gadon asibiti.
Na ƙaunace shi nan take, ba zan ɓoye ba.
Amma wutar masana'anta yake ci,
mu ko a Rikkos wutarmu baƙuwa ce,
ta gaisa a tsaye ta ce sauri take yi.
Kuma ta wace ƙofa giwa za ta shiga?
Tasalla ta riga ta yanka mini fili:
daga randa zuwa akurkin kaji, ban da taku ɗaya.

Baba Dalyop ya same ni ina lalube kamar mai tayin akuya.
Yatsunsa tara da rabi, ban tambaya ba.
"Me za ka fara?"
Na ce akushi, babba, irin na kakana.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ƙota za ka fara. Muciya. Ƙafar kujera arba'in,
talatin daga ciki rabon murhu ne."

Ya ja ni wajen na uku,
ɗan Beljiyam, fenti duk ya zube,
ba babba ba, ba yaro ba.
Ya turo wutsiya har ta iske kai,
tsini da tsini suka haɗu, ko gashi ba zai ratsa ba.
Ya kama sandar ya jijjiga, ya kasa kunne yana sauraron boris
kamar likita a ƙirjin jariri.
Sannan ya karɓe kofin shayin da ke hannuna,
ya ɗora a kan gadon ƙarfen, ya ce a tayar.

Injin ya ɗauka.
Shayin ya yi 'yar rawa kaɗan, ya natsu.

"Kada ka tambayi gudunsa," in ji shi,
"tambayi ko ya iya tafiya a hankali.
Kai direba ne, ka san wanda gangaren Hawan Kibo yake ci."

Na ƙirga kuɗi, ya dafe sulusi.
"Wannan na kurfi ne, da dutsen wasawa,
da gilashin rufe fuska.
Inji juyi kawai ya sani, yanka naka ne."

A-kori-kura ta kawo mu gida da la'asar.
Wuta ba ta zo ba sai ƙarfe biyun dare.
Na tashi, na ɗaura guntun malaina,
na ce bisimilla, na kai baki a tsorace.
Sai ga ɓawo yana tsalle ta kafaɗata,
fari, nannaɗe, da ɗuminsa,
ƙamshin zauren kakana ya cika rumfar.

Abin da ya fito, muciya na nufa.
Da safe Tasalla ta jujjuya shi a hannu,
ta ce zai yi tokare ƙofa.
Yana nan har yau. Ƙofar ba ta ƙara bugawa ba.